Mai Shela Na Waya: Wa Ya Aiko Shi?

Yau za mu yi magana a kan mutanen nan da suka yi suna a Facebook da TikTok da YouTube, waɗanda dubban jama'a suke bi, suna kuma gaskata abin da suka faɗa.

Mun san mai shela tun dā. A Daura, in ya zaga gari yana cewa Sarki ya gaishe ku, kowa ya san bakin da maganar ta fito. In ya ƙara gishiri, fada tana nan, za a kira shi ya amsa. Mai shela na waya kuwa ba wanda ya aiko shi. Yawan masu kallo shi ne abincinsa, gama bisa ga yawansu ne ake biyansa kuɗin talla. Na'ura kuma kawuna take ƙirgawa, ba ta tambaya ko gaskiya aka faɗa. Saboda haka ƙarya mai daɗin ji takan fi gaskiya kawo kuɗi.

Mutanen Daura sun ga wannan da idonsu. A 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi fiye da kwana 100 yana jinya a London. Aka baza cewa ya mutu, daga baya aka ce wai wani Jubril ne daga Sudan aka kawo ya zauna a kujerarsa. Nnamdi Kanu yana cikin waɗanda suka yayata zancen. Abin ya kai har Buhari ya tsaya a ƙasar Poland a Disamba 2018 yana shaida wa mutane cewa shi ne da kansa. Sai ran 13 ga Yuli 2025 ya rasu, aka binne shi a gidansa na Daura ran 15 ga wata. Shekara takwas ke nan tsakani! To, cikin waɗanda suka rantse ya mutu a 2017, nawa muka ji sun dawo sun ce a yafe musu?

A nan ne ake gane amintacce. Kowa yana iya yin kuskure, amma shi yakan faɗi inda ya samo labari, in ya ɓata kuma yakan gyara da irin muryar da ya ɓata da ita.

Hukuma takan sa hannu wani lokaci. A Nuwamba 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu kwana 30, saboda ɓata sunan Gwamna Abdullahi Ganduje. A ganinmu hukuncin ya yi tsauri. Ban da haka, gwamna ne ya sami mai bi masa hakki. Yarinyar ƙauye da aka yi wa ƙazafi a bidiyo har aurenta ya fasa, wa zai tsaya mata?

Batun kuɗi ya fi ciwo. A Afrilu 2025 kamfanin CBEX, wanda ya yi alkawarin ninka wa mutane kuɗinsu cikin wata guda, ya rufe da dukiyar jama'a. Da yawa sun shiga ne domin wani da suke ganin girmansa ya yaba musu shi. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ko tarar naira miliyan 20 a kan irin wannan damfara, hukumar SEC kuma ta gargaɗi masu suna su daina tallata ta.

Mu ma muna ciki, 'yan'uwa. Wanda ya tura saƙo cikin WhatsApp na zumuntar mata ko na matasa, sunansa ne a kai, saboda shi ne za a gaskata. Kafin ka tura, ka tambayi mai maganar ko biyansa aka yi. In kamfanin zuba jari ne, SEC tana da jerin waɗanda ta yi wa rajista, kowa yana iya dubawa a wayarsa.