Yadda Ake Ƙara Akwatin Fiyus da Kayan Wuta a Jikin Babur

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar 'yan acaɓa, kamar ta unguwar Sabo a Ibadan, zai lura cewa da wuya ka ga babur ɗin da aka bari yadda ya fito daga kamfani. Wannan ya ƙara fitilu biyu a gaba, wancan ya ɗaura rediyo a kan tanki, wani kuma ya sa wurin cajin waya domin kada kiran fasinja ya wuce shi. Sai dai yawancin wannan aiki a gaggauce ake yin sa: a fere waya, a naɗa ta a kan batir, a rufe da baƙin salatif. Ranar da robar wayar ta goge ta taɓa ƙarfe, sai hayaƙi, kuma hayaƙin a ƙarƙashin tankin fetur yake tashi. Ga mutumin da ya karɓi Bajaj ko Jincheng bashi yana biya mako-mako, wannan asara ce ta jari da abincin gida gaba ɗaya. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake ƙara kayan wuta a babur ta hanyar ƙaramin akwatin fiyus, da dalilin kowane mataki.

Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin a shiga aikin, ya kamata mai karatu ya san ma'auni uku. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura wuta, amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikin waya, wat kuma ma'aunin abin da na'ura ke ci. Duka ukun kalmomin aro ne, kuma asalinsu sunayen mutane ne: Alessandro Volta na Italiya wanda ya ƙirƙiro batir a 1800, da André-Marie Ampère na Faransa, da James Watt na Sikotlan. Dangantakarsu mai sauƙi ce. Idan aka raba wat da bolt, sai a samu amfiya.

Batir ɗin yawancin babura na yanzu bolt 12 ne, kuma yana da kai biyu. Mai alamar (+) shi ne fositib, inda wuta ke fita, galibi da jar waya. Mai alamar (−) shi ne negetib, kuma a haɗe yake da ƙarfen jikin babur. Wato ke nan duk gangar jikin babur hanya ce ta komawar wuta. Shi ya sa da zarar jar waya tsirara ta taɓa ƙarfe, wuta mai yawa za ta kwarara lokaci guda, wayar ta yi ja, roba ta kama.

Fiyus kuwa ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi da gangan ya fi waya rauni. Idan wutar da ke wucewa ta zarce ƙima, shi ne zai fara narkewa, hanya ta yanke. Mutane da yawa suna zaton na'ura yake tsarewa, alhali babban aikinsa tsare waya ne daga ƙonewa. Ƙananan babura kan zo da fiyus ɗaya tak, mai kama da ɗan bututun gilashi, kusa da batir. Wanda ake sa wa a akwati shi ne mai ƙafa biyu da jikin roba, irin na mota, wanda kamfanin Littelfuse na Amurka ya fito da shi a 1976. Ana gane girmansa da launi: mai amfiya 10 ja ne, mai 15 shuɗi, mai 20 rawaya, mai 30 kore. Lambar ma tana rubuce a kansa.

Sai kuma rile. Wannan makunni ne da ƙaramar wuta ke kunna shi domin ya buɗe wa babbar wuta hanya. Ƙafafunsa huɗu suna da lamba: 30, 87, 85 da 86. Biyun farko hanyar babbar wuta ce, biyun ƙarshe kuma su ne ke ba shi umarni.

Me Ya Sa Ake Buƙatar Akwatin?

Kamfani ya auna wayoyin babur daidai da kayan da ya ɗora masa. Idan aka jingina sababbin kaya a kan wayar fitila ko ta hon, an ɗora wa jaki kayan raƙumi. Ko dai wayar ta riƙa zafi, ko fiyus ɗin nan guda ɗaya ya yanke, hon da sigina da fitilar birki su mutu tare a tsakiyar titi. Idan kuma aka haɗa kayan kai tsaye da batir, suna nan da wuta ko an zare mabuɗi. Batir mai ɗaukar amfiya 5 na awa guda, idan aka manta rediyo mai cin amfiya 2 a kunne, ba zai wuce awa biyu da rabi ba ya mutu.

Akwatin fiyus yana warware duka biyun. Waya ɗaya mai kauri ce za ta taso daga batir, ta bi ta rile, ta shiga akwati, daga nan kowace na'ura ta ɗauki layinta da nata fiyus. Idan caja ta samu matsala, fiyus ɗinta kaɗai zai yanke. Idan an kashe mabuɗi, rile ya saki, komai ya mutu.

Lissafi Kafin Sayayya

Mu ɗauka mutum yana son fitilun LED biyu, kowace wat 10, da caja mai wat 10, da rediyo mai wat 24. Fitilun sun haɗa wat 20, a raba da 12, an samu kusan amfiya 1.7. Caja ba ta kai amfiya 1 cikakkiya ba, rediyo kuma amfiya 2. Ƙa'ida ita ce fiyus ya ɗan ɗara abin da na'ura ke ci, amma kada ya kai abin da waya za ta iya ɗauka. Saboda haka kowane ɗaya daga cikin ukun fiyus mai amfiya 3 ya ishe shi. Jimillarsu ba ta kai amfiya 5 ba, don haka babban fiyus na kusa da batir mai amfiya 10 ya wadatar. Babbar waya ta kasance mai lamba 2.5, rassan kuma 1.5, kuma ta tagulla mai silli da yawa irin ta mota. Wayar gida mai silli ɗaya ba ta jure girgiza, karyewa take yi.

Akwai wani lissafin da ake yawan mantawa da shi. Batir rumbu ne kawai, injin ne ke noma wutar. Ƙaramin babur ba ya samar da wuta mai yawa fiye da buƙatarsa, don haka idan kayan da aka ƙara suna cin fiye da rarar, batir zai riƙa ramewa ko ana tafiya. Za a ga yadda ake gwada wannan a mataki na ƙarshe.

Matakan Aiki

Kayan aikin su ne sifana, sukuddireba, filaya, mitar auna wuta, baƙin salatif da igiyoyin roba na ɗaure waya.

Na farko, tun batir yana haɗe, a nemo wayar da za ta ba rile umarni. Ita ce wadda mita ke nuna bolt 12 a kanta idan an murɗa mabuɗi, ta koma sifili idan an kashe. Wayar da ke kai wuta ga hon ko ga makunnin fitilar birki takan dace. A nan akwai tarko. A babura da yawa fitilar gaba ba daga batir take shan wuta ba, daga inji take sha kai tsaye, shi ya sa haskenta ke ƙaruwa idan an murɗa totur. Irin wannan wuta mai kai-da-komo ce, rile ba ya zama daidai a kanta, sai ya riƙa karkarwa. A guje ta.

Na biyu, a kashe babur, a zare mabuɗi, a fara kwance kan negetib kafin fositib. Dalili kuwa shi ne, muddin negetib yana haɗe, sifanar da ke kan fositib idan ta goga ƙarfe za ta yi tartsatsi.

Na uku, a zaɓi mazaunin akwati da rile. Ƙarƙashin kujera ko bayan murfin gefe ya fi, nesa da zafin inji da salansa, inda ruwan sama ba ya duka kuma fetur ba ya ɗiga. A ɗaure su tamau.

Na huɗu, a ja babbar waya daga fositib, a sa mata babban fiyus kusa da batir, kada tazarar ta wuce taƙi ɗaya. Duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da mai tsaro, saboda haka gajartarsa ita ce lafiya. Daga fiyus sai ƙafa ta 30 ta rile, daga ƙafa ta 87 sai akwati. Ƙafa ta 86 ta tafi wayar da aka nemo a matakin farko, ta 85 kuma a ɗaure ta a ƙarfen jiki.

Na biyar, a ja wa kowace na'ura layinta daga akwati. Wayoyin komawa a tara su wuri guda a jikin firam, a kankare fenti har ƙarfe ya bayyana, a ɗaure da noti. Kada a dogara da ƙarfen kan babur a matsayin hanyar komawa, domin tsakaninsa da firam akwai boris da giris.

Na shida, sababbin wayoyi su bi hanyar wayarin na kamfani, a ɗaɗɗaure su. A wuyan babur a bar musu ɗan sassauci, a juya kai hagu da dama har ƙarshe a tabbatar ba sa ja kuma ba sa matsewa. Kowane haɗi a matse shi da ƙarfen haɗi ko a like da dalma, sannan a rufe. Murɗa waya biyu da hannu kawai ba ya daɗewa a hanyar da ke da ramuka.

Na bakwai, a mayar da fositib, sannan negetib. A murɗa mabuɗi, za a ji rile ya yi ƙas. A sa fiyus ɗaya bayan ɗaya ana gwada kowace na'ura. Daga nan a ɗora mita a kan batir. Lafiyayyen batir yana nuna wajen bolt 12.6 idan inji a kashe yake, idan kuma yana aiki an ɗan ba shi wuta, tsakanin 13.5 da 14.5. A kunna dukkan kayan. Idan lambar ta sauka ƙasa da 13 ta ci gaba da sauka, kaya sun fi ƙarfin inji, dole a rage wani abu. Fitilun da aka ƙara kuma a sunkuyar da su ƙasa, kada su kashe wa mai tahowa ido.

Idan Fiyus Ya Yanke

Yankewar fiyus saƙo ne cewa akwai waya da ta goge ko na'ura da ta lalace. Abin yi shi ne a bi layin a gano wurin, a gyara, a sa sabo mai lamba iri ɗaya. Abin takaici, wasu sukan naɗa takardar azurfa ta kwalin sigari ko sillin waya a gurbinsa, wasu kuma su sa mai amfiya 30 inda mai 3 yake. Wanda ya yi haka ya kori maigadi ne ya bar ƙofa a buɗe, domin yanzu wayar ce za ta narke a madadin fiyus. Yana da kyau a ajiye biyu ko uku na ko-ta-kwana a ƙarƙashin kujera.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa aikin yana tsaye ne a kan abu uku: babban fiyus kusa da batir, rile da ke bin umarnin mabuɗi, da fiyus na daban ga kowace na'ura. Wanda ba shi da mita ko bai saba da wayoyi ba, ya kai wa mai gyaran wayarin, amma ya tsaya a kansa ya tambaye shi inda ya sa fiyus da lambar da ya zaɓa. Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kuɗin fiyus bai kai na litar fetur ba, amma shi ke tsakanin ɗan acaɓa da tokar babur ɗinsa.