Sabon Ɗalibi da Ƙungiyoyin Jami'a



An nemi in yi magana a kan shekarar farko ta ɗalibi a jami'a. Wannan fage ne mai faɗi, ba kuwa zan iya kewaye shi a zama ɗaya ba. Saboda haka na keɓe ɓangare guda, watau abin da yake samun sabon ɗalibi bayan an tashi daga lacca, sa'ad da ƙungiyoyi da tarurrukan bita da wasanni suka buɗe masa ƙofa, kowa yana cewa ya zo. A ganina, a nan ne ake yin rabin karatun shekarar farko, ko da yake ba a rubuta shi a takardar sakamako. Kuma ma'aunin da nake auna kowace ƙungiya da shi guda ɗaya ne: wane aiki take danƙa wa sabon shiga a hannunsa?

Bari mu ɗauki yaro ko yarinya daga Kwandiko, cikin Ƙaramar Hukumar Gwaram, can kudancin Jihar Jigawa, kusa da iyakar Bauchi. Da can, lokacin da wannan yanki yake cikin Jihar Kano, watau kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, wanda Allah ya ba shi ikon wuce sakandare sai ya nufi Kano ko Zariya. Yanzu jami'a ta matso. An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, aka kafa ta jiha a Kafin Hausa a 2013, wadda ake kira Jami'ar Sule Lamido. Tafiya ta ragu, amma baƙunta ba ta ragu ba. Hausawa suka ce baƙo ko da ido makaho ne. Yaron nan zai iso da akwatinsa da ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ya yi kwanaki yana bin layin rajista daga wannan ofis zuwa wancan, na gaba da shi suna kiransa "Jambito", sunan da aka samo daga hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a wadda aka kafa a 1978. A ɗakin lacca yana cikin ɗaruruwa, malami bai san sunansa ba, ana zuba Turanci da saurin da bai saba ji ba. Ya san amsa, amma ba zai ɗaga hannu ba, don tsoron kada harshensa ya karkace a yi masa dariya.

Kuskuren da mu malamai muke yi shi ne mu ɗauka yaron nan ya zo hannu rabbana, bai san komai game da zaman ƙungiya ba. Alhali kuwa a garinsu ya tashi ya tarar da gayya, inda ake shela, a sa rana, a raba kunya-kunya, a san wanda zai kawo fura da wanda zai yi kiɗa. Ya san sarautar samari, da yadda ake naɗa sarkin samari da wazirinsa, da yadda ake cin tarar wanda ya karya doka. Ya yi tashe da azumi, ya kwaikwayi malami da maharbi da tsoho a bainar jama'a ba tare da jin kunya ba. Yarinyar kuwa ta san adashi, ta san gaɗa a dandali, inda ake ba da waƙa a karɓa, kowa ta san lokacin shigarta. Wannan duka ilmin tsara jama'a ne, sai dai ba a yi shi da Turanci ba, ba a kuma rubuta bayanin taro ba. Ƙungiya ta gari ita ce wadda za ta gane wannan jari ta sa shi aiki tun a zangon farko.

Wadda take fara kama hannunsa, galibi, ita ce ƙungiyar 'yan garinsu, ta ƙaramar hukuma ko ta jiha. Ba na raina ta. Ita ce ke nuna masa inda ake biyan kuɗi, ta samo masa wurin shimfiɗa tabarma kafin a ba shi ɗaki, ta sanar da shi ranar da za a tantance masu neman tallafin karatu. Ko a ƙasashen waje haka abin yake. Ƙungiyar Ɗaliban Afirka ta Yamma, wadda Ladipo Solanke da abokansa suka kafa a Landan a 1925, masauki da kāre mutuncin baƙon ɗalibi suna cikin manyan ayyukanta, kafin ta zama wurin da aka yi ta wasa wuƙar neman mulkin kai. Amma ƙungiyar 'yan gari tana da aibi biyu. Na farko, mutum yana iya shekara huɗu a cikinta bai yi aboki ko ɗaya da ba ɗan Gwaram ko Birnin Kudu ba, ya fita jami'a kamar yadda ya shiga. Na biyu, idan zaɓe ya gabato, 'yan siyasa sun san ƙofarta. Sai ka ga an kwashi sababbin ɗalibai a mota, an raba musu riguna masu hoto, an kai su cika fili. Wannan ba aiki aka ba su ba, ƙidaya aka yi da su.

Ƙungiyoyin addini ba na bukatar in tsawaita a kansu, domin kowa ya san su. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya tun 1954 aka kafa ta a Legas, kuma darussan ƙarin haske da na gaba suke yi wa na baya kyauta kafin jarrabawa sun ceci ɗalibai da yawa. Ɗalibai Kirista su ma suna da nasu irin wannan tsari.

Inda nake so in daɗe shi ne Zariya, domin a can aka yi abubuwa biyu da suka nuna iyakar abin da ɗalibi zai iya idan an sakar masa mara. A 1958, a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda daga baya ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello, waɗansu ɗalibai masu koyon zane suka kafa ƙungiyarsu. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu Turawa ne, manhajar kuwa ta makarantun Ingila ce. Su ɗaliban ba su ƙi koyon dabarun Turai ba, amma suka ce lalle ne a gauraya su da zanen gida, kowa ya koma ya binciko abin da kakanninsa suke yi a bango da ƙwarya da jikin mutum. Ƙungiyar ba ta wuce shekara uku ba, a 1961 ta watse. Duk da haka, babu wanda zai rubuta tarihin zanen zamani a Nijeriya bai fara da su ba. Ku lura, wannan bai fito daga majalisar jami'a ba. Samari ne suke haɗuwa bayan an tashi daga aji, suna gardama.

Abu na biyu shi ne na wasan kwaikwayo. Michael Etherton ya fara koyar da wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975, shi da abokan aikinsa suka ga cewa wasan da ake yi a cikin harabar jami'a, da Turanci, don malamai da matansu su kalla, bai taɓa rayuwar mutanen da ke bayan katanga ba. A 1977 aka kai "Wasan Manoma" ƙasar Soba, a zamanin da gwamnatin soja take ta yekuwar ciyar da ƙasa. Daga wannan yunƙuri aka samo tsarin da aka sani da Aikin Samaru, wanda a cikinsa ake tura sababbin ɗaliban sashen cikin garin Samaru, su zauna da mutane, su ji abin da ke damunsu, na ruwa ne ko na shara ko na asibiti, sa'an nan su dawo su ɗinka wasa da shi, su mai da wa mutanen a kan titi. To, a irin wannan aiki wa ya fi daraja? Wanda ya iya gaida tsoho, ya san yadda ake sallama a ƙofar gida, ya san ba a tambayar matar aure kai tsaye sai an bi ta hannun wata. Watau ɗan ƙauyen nan da ya yi shiru a ɗakin lacca shi ne ya zama jagora, ɗan birni mai zubo Turanci yana biye da shi. Ban san wata hanya da ta fi wannan saurin warkar da jin ƙasƙanci ba.

Mu ma a fagen Hausa muna da namu. Ƙungiyoyin Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilmi sun daɗe suna shirya Makon Hausa, inda ake kacici-kacici da muhawara da wasan kwaikwayo, a baje kayan gargajiya, a gayyato mawaƙa da makaɗa. Irin wannan kusanta tsakanin jami'a da masu fasahar baka tana cikin abin da ya share hanya har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988. Amma zan faɗi gaskiya ko da za ta yi wa 'yan ƙungiya ɗaci. A wurare da yawa Makon Hausa ya koma bikin naɗin sarauta kawai. Manyan ɗalibai su sha rawani da alkyabba, a ɗauki hoto, sabon ɗalibi kuwa aikinsa jera kujeru da riƙe laima. Ya biya kuɗin shiga, an sa lambarsa a zauren WhatsApp, shi ke nan. Shekara za ta ƙare bai tsaya gaban mutum goma ya yi magana ba.

Haka nan tarurrukan bita. Bitar da ake tara mutum ɗari biyar a babban ɗaki, a yi musu jawabin yadda ake amfani da laburare, a raba takardar shaida, lacca ce aka sake wa suna. Bita ta gaskiya ita ce a raba su goma-goma, a ba kowa sunan littafi a ce ya nemo shi a kan kanta, ko a zaunar da shi gaban kwamfuta ya rubuta wasiƙa da hannunsa ya aika. Sa'ad da nake karatu a ƙasar waje na ga ana ware mako guda cur na sababbin ɗalibai, kowace ƙungiya ta kafa teburinta, ana rububin sabon shiga kamar 'yan kamasho a tasha. Abin da ya burge ni shi ne, kafin wata ya cika an ba shi abin yi, ko da rubuta labari ɗaya ne a jaridar ɗalibai.

Akwai kuma gefen da yake da haɗari, ba kuwa zai kyautu in tsallake shi ba. A watan Afrilu na 1978 Ƙungiyar Ɗaliban Nijeriya ta Ƙasa, a ƙarƙashin Segun Okeowo, ta tayar da zanga-zanga saboda ƙarin kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, aka yi ta kiran a sauke Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnati kuma ta soke ƙungiyar. A watan Mayu na 1986 an sake zubar da jinin ɗalibai a Zariya. Ba ina cewa ɗalibi ya guji ƙungiyar ɗalibai ba ne, domin haƙƙinsa take nema, kuma a cikinta shugabanni da yawa suka koyi magana. Abin da nake cewa shi ne, sabon shiga shi ne bai san kwanar gudu ba, shi ake turawa gaba, sau da yawa kuma bai ma san abin da aka tattauna a taron da aka yanke shawara ba. Ya kamata ya tambaya kafin ya fita.

Ƙungiyoyin asiri kuwa wani abu ne dabam. Asalinsu ana mai da shi ga ƙungiyar Pyrates, wadda Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1952, da nufin yaƙar girman kai da ƙabilanci a tsakanin ɗalibai. Waɗanda suka ɓalle daga baya, da waɗanda suka kwaikwaya, su suka mai da abin ta'addanci, har ta kai ranar 10 ga Yuli 1999 aka kashe ɗalibai 5 a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife. Abin ya fi tsanani a kudu, amma ɗanmu ba a arewa kaɗai yake karatu ba. Su ma sabon ɗalibi suke farauta, da alkawarin kāriya da abota. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Alamar gane su ba ta da wuya: ƙungiyar da ba ta da rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai, ba ta da malami mai ba ta shawara, ba ta taro sai da dare, kuma rantsuwa take nema kafin ta faɗi aikinta.

Game da 'yan mata, kalma ɗaya zan yi wa shugabannin ƙungiyoyi. Yarinyar da ta zo daga Kwandiko ko Sara ko Basirka, sau da yawa sai da aka yi doguwar shawara a gida kafin a bar ta ta zo. Idan kuka sa taronku bayan sallar isha'i, kun sallame ta ke nan ba tare da kun faɗa ba. Ku sa shi tsakanin la'asar da magariba. Sa'an nan ku daina keɓe mata muƙamin ma'aji da na dafa abincin biki, ku ba ta gardama ta yi.

To, wane aiki ne ƙungiyar Hausa a Dutse ko Kafin Hausa za ta iya ba ɗan shekarar farko? Ga shi a ƙofar gida. A Birnin Kudu akwai duwatsu masu zanen shanu na mutanen da, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, da duwatsun kiɗa waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa masana a shekarun 1950. Ɗalibai nawa ne daga wannan yanki suka taɓa zuwa suka tambayi tsofaffin wurin abin da suka gada game da su? Ban da wannan, Hausar ƙasar Gwaram, da yake tana maƙwabtaka da Bauchi, tana da kalmomi da karin da ya kamata a taskace. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934, na Jami'ar Bayero ya fito a 2006, kuma kowannensu da yawo da tambaya aka tara shi. A ba kowane sabon ɗalibi littafin rubutu ɗaya idan zai tafi hutun zangon farko, a ce ya kawo kalma 50 daga bakin kakarsa ko maƙerin garinsu ko mai saƙa, da ma'anar kowace da jimlar da aka faɗe ta a ciki, da sunan garin da ya ji ta. Idan aka dawo, a zauna a duba ƙamus tare, a ware waɗanda babu su, shi da kansa ya tashi ya karanta su a gaban taro. Kuɗin wannan aiki bai kai na hayar alkyabba ɗaya ba, kuma sashenmu a shirye yake ya ba da aron ƙamusun da ɗakin zama ga ƙungiyar da ta fara kawo sunayen 'yan shekarar farkonta.