Ƙwallon Gora: Zaɓen Sanda da Tarar Ƙwallo Mai Ƙarfi

Uban da ɗansa ya fara ƙwallon gora, a Rabah ko Wurno, kada tsada ta ruɗe shi a kasuwa. Sanda mai yawan sinadarin kabon tana da ƙarfin bugu, amma ƙwallo kan subuce daga jikinta. Ta katako ta fi dacewa da ɗan koyo, kuma tsawonta ya kai masa ƙugu.

Nauyin ƙwallon bai wuce giram 163 ba, amma tana iya fasa yatsa, musamman a busasshen fili inda take tsalle. Mai tarewa ya rage tsawo, ya sassauta hannun damansa da ke ƙasa, ya karkata fuskar sandar gaba, sannan ya ɗan janye ta da zarar ƙwallo ta taɓa, kamar mai cafe ƙwai.