Tashar Nukiliya Ba Ta Ginuwa Sai Da Baitulmali: Abin Da Ya Faru A Faransa

A cikin watan Oktoba na 1973, ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur suka rage yawan man da suke sayarwa saboda yaƙin Gabas ta Tsakiya. Kafin a ɗauki watanni uku, kuɗin ganga ɗaya ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12. Faransa na cikin ƙasashen da suka fi jin jiki, domin ba ta da rijiyoyin mai na a zo a gani, ga shi kuwa da man take kunna da yawa daga cikin tashoshinta na lantarki.

Ran 6 ga Maris na 1974, Firayim Ministan ƙasar, Pierre Messmer, ya ba da sanarwar cewa za a soma gina injunan nukiliya 13 na samar da wuta. Aka ɗora aikin a wuyan EDF, wato kamfanin lantarki wanda gwamnati ta mallaka tun 1946. Gwamnatin ce ta tsaya wa kamfanin ya ciwo bashi a gida da waje, ita ce kuma ke yanke kuɗin wuta. Aka zaɓi samfurin inji guda aka yi ta maimaita shi, don kada kowane gini ya zama sabon karatu ga ma'aikata. Cikin shekaru kamar 20 injunan suka haura 50. Yanzu wajen kashi biyu cikin uku na wutar Faransa daga nukiliya yake fitowa.

Dalilin da ya sa 'yan kasuwa ba su ɗaukar wannan kaya su kaɗai a fili yake. Tashar gas ana iya gama ta cikin shekara biyu ko uku, sa'an nan a riƙa sayen gas ana sayar da wuta. Tashar nukiliya kuwa, akasarin kuɗinta wajen gini yake tafiya. Za a yi shekara bakwai, ko goma, ana zuba kuɗi, ruwan bashi yana hauhawa, ba a sayar da wutar ko sisin kwabo ba. Bayan haka ga ɗawainiyar adana sharar da ke da guba shekaru aru-aru, ga rushe tashar idan ta tsufa, ga diyya in hatsari ya auku.

Ko a Faransar ma lissafi yakan kuɓuce. A 2007 aka aza harsashin sabon inji a Flamanville, da nufin gama shi a 2012 a kan Yuro miliyan dubu 3.3. Bai ba da wuta ba sai a watan Disamba na 2024, kuɗin kuma ya zarce Yuro miliyan dubu 13. A ƙarshen 2022 bashin da ake bin EDF ya kai Yuro miliyan dubu 64. Maimakon gwamnati ta janye hannu, sai ta saye sauran hannayen jarin da ke wurin jama'a a 2023, kamfanin ya koma nata ɗungurungum. Dama a 2022 Shugaba Emmanuel Macron ya bayyana shirin gina wasu sababbin injuna shida.

Wani ɓangare na yuraniyam da ya ciyar da injunan nan daga Jamhuriyar Nijar ya fito. Tun 1971 ake haƙarsa a Arlit, arewa da Agadas, ƙarƙashin kamfanin Somair wanda Faransawa ke da rinjayen jari a ciki, har zuwa 2025 da gwamnatin Nijar ta karɓe shi. Amma har yau mafi yawan mutanen Nijar ba su da lantarki a gidajensu, wutar birnin Yamai ma an daɗe ana janyo kaso mai yawa nata daga Nijeriya. Ke nan mallakar ma'adini daban, mallakar tasha daban, abin da ke tsakaninsu kuwa shi ne kuɗi da ƙwararru.

Masar ta bi wata hanya. A 2015 ta ƙulla yarjejeniya da Rasha ta gina mata injuna huɗu a El Dabaa, kowanne mai ƙarfin megawat 1,200, bisa bashin dala miliyan dubu 25 daga gwamnatin Rasha. An soma ginin a 2022, baitulmalin Masar ne kuma zai biya.

Ita Nijeriya ta kafa dokar Hukumar Makamashin Nukiliya tun 1976, amma hukumar ba ta kankama ba sai a 2006. Injin da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wanda aka kunna a 2004, na bincike ne da koyarwa, ƙarfinsa a wancan lokacin kilowat 30 kacal, ba ya ba kowa wuta.

Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk gwamnatin da ke sha'awar tashar nukiliya, wajibi ne ta gaya wa talakawanta tun da wuri nawa za a ranto, shekara nawa za a yi ana biya, kuma wa zai ɗauki asarar idan aikin ya yi jinkiri. A Faransa dai mai biyan haraji da mai biyan kuɗin wuta ne suka ɗauka.