Lissafin Jinkiri da Yaƙin Ƙanjamau

Ɗalibai sukan tambaye mu amfanin lissafi. To, jama'a, ga amsa daga asibiti.

A da an ɗauka ƙwayar ƙanjamau kwanciya take yi shiru a jiki shekara da shekaru. A 1996, a Amurka, Alan Perelson da David Ho suka auna jinin majinyata, suka yi lissafi, suka gano jikin mutum ɗaya yana fitar da sabbin ƙwayoyin cutar kusan biliyan 10 kullum.

A shekarar ce wasu masana a Ingila suka shigar da jinkiri cikin lissafin. Ƙwayar jinin da cutar ta shiga ba ta fitar da sabbi nan take, sai bayan kamar kwana ɗaya. Mu manoma mun san haka: geron da muke girbewa shukar watannin baya ne. Don haka adadin yau ana lissafa shi daga kamuwar jiya, kwamfuta tana bi daki-daki.

Irin wannan hayayyafa takan sa cutar ta saba da magani guda da wuri, shi ya sa ake haɗa magani uku. Mai shan maganin, don Allah kada ya tsallake rana.