Tashar da Ke Maimaita Wata: Ina Ya Kamata a Kafa Ta?

Mai murɗa akwatin rediyo a Sahuda, kan iyakar Mubi ta Kudu da Kamaru, ya san FM ba ta da juriyar gajeren zango. Shirin BBC Hausa, da aka fara tun 1957, yana isowa daga nesa ne saboda igiyar gajeren zango kan doki sararin sama ta dawo ƙasa. Ita kuwa FM, mai zama tsakanin mita 87.5 da 108, miƙe take tafiya kamar hasken tocila, inda dutse ya tare sai duhu. Shi ya sa muryar FM daga Yola ke wuyar isa Mubi: kusan kilomita 200 ne a mota, ga kuma duwatsun Mandara sun yi wa yankin ƙawanya.

Dabarar injiniyoyi ita ce ƙaramar tasha mai maimaitawa. Ba ta da ɗakin shiri ko ɗan jarida. Eriya ce a kan tudu, tana karɓar shirin uwar tasha ta sake watsa shi a wata mita.

Ɓarna tana zuwa ne in aka kafa ta inda muryar uwar tashar ke kaiwa tun farko. An ƙona man janareta a banza, an kuma cinye mitar da wata tasha za ta yi amfani da ita, alhali gurbin ƙididdigagge ne. In mitoci biyu suka yi kusa, rediyon FM mai ƙarfin yake kamawa ya danne mai rauni, shi ya sa tasha kan ɓace wa direba a kwanar hanya guda. A bakin iyaka abin ya fi wuya, don igiya ba ta tsayawa a shingen kwastan. Wannan ne ya sa aka yi yarjejeniyar Janiba ta 1984 kan rabon mitocin FM tsakanin ƙasashe.

Sai dai ba kowace maimaitawa ce asara ba. A Oktoban 2014, da Boko Haram ta kama Mubi, jama'a suka kwarara Kamaru. A irin wannan rana, tasha ta biyu mai wutarta daban, a kan wani tudun, ita ce za ta ci gaba da magana in ta farko ta yi shiru.

Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo, da aka kafa a 1992, ita ke ba da lasisi da mita. Kafin ta ƙara wa birane tashoshi, ta aika masu awo su bi ƙauyukan bayan dutse, su gano inda rediyo ba ya kama komai.