Nafkin ɗin jarirai

Nafkin ɗin jarirai, wanda kuma ake kira kunzugun jarirai na ƙyalle, yanki ne na yadi mai shan ruwa da ake ɗaura wa jariri a ƙugu domin ya tare fitsari da kashi. Abin da ya bambanta shi da kunzugun zamani, wanda Hausawa suka fi kira famfas, shi ne ana wanke shi a sake ɗaurawa, maimakon a jefar bayan amfani sau ɗaya. Galibi da auduga ake yin sa, ko da yake akwai na zaren da ake sarrafawa daga gora, da kuma na zaren roba mai laushi. Iyaye kan zaɓe shi saboda sauƙin kuɗi, ko don rage shara, ko don fatar ɗansu ba ta jituwa da wani nau'in famfas. Amma amfaninsa gaba ɗaya ya rataya ne a kan abubuwa huɗu: ruwa, sabulu, rana, da wanda zai yi wankin.

Tarihi

Kafin zuwan masana'antu kowace al'umma da dabararta. A ƙasashe masu tsananin sanyi an yi amfani da fatar dabba da aka cusa wa gansakuka ko busasshiyar ciyawa. A wurare masu zafi kuwa sau da yawa akan bar yaro haka nan, a shimfiɗa masa tsumma, uwa ta riƙa lura da lokacin da zai yi ta tare shi. A ƙarshen ƙarni na 19 ƙyalle mai kusurwa huɗu, wanda ake ninkewa a maƙale da fil, ya zama ruwan dare a Turai da Amurka. Fil mai makulli da ya sauƙaƙa wannan ɗauri Walter Hunt ne ya yi masa rajista a Amurka a 1849.

Babbar matsalar ƙyalle ita ce yoyo. A 1946 wata uwa Ba'amurkiya, Marion Donovan, ta yanka labulen banɗaki na roba ta ɗinka wani wando da ake sanyawa a kan nafkin don kada fitsari ya jiƙa shimfiɗa. A 1947 Valerie Hunter Gordon a Birtaniya ta ƙirƙiro Paddi, wandon roba da ake sa wa audugar da za a jefar a ciki. Kamfanin Procter & Gamble ya fito da Pampers a 1961, kuma daga wannan suna ne kalmar famfas ta samo asali, har ta zama sunan kowane kunzugun da ake jefarwa ko da wane kamfani ne ya yi shi. A shekarun 1980 aka fara zuba wa famfas wani garin sinadari da ke tsotse ruwa ninkin nauyinsa da yawa ya mayar da shi kamar kamu. Daga nan famfas ya rage kauri, ya daɗe bai jiƙe ba, nafkin kuma ya ja baya a kasuwannin ƙasashe masu arziki kafin ya sake farfaɗowa da sabon fasali.

Ire-irensa

Mafi tsufa kuma mafi arha shi ne fallen ƙyalle mai kama da tawul, kimanin santimita 60 a kowane gefe. Ana ninke shi gwargwadon girman yaro, a maƙale da fil ko maƙalin roba, sannan a ɗora wandon roba a kai. Shi ne ya fi saurin bushewa, tunda ana baje shi gaba ɗaya a igiya. Akwai wanda aka riga aka ɗinka da ninki mai kauri a tsakiya, akwai kuma wanda aka yanka da siffar famfas, mai maɓallai da ake matsewa ko sassautawa yayin da yaro ke girma. Wani yana da aljihu da ake zura ƙyallen tsotsa a ciki, wani kuma an haɗa ƙyallen da rufin da ba ya yoyo wuri guda. Wannan na ƙarshen ya fi sauƙin ɗaurawa, amma ya fi tsada kuma ya fi jinkirin bushewa.

Lissafin kuɗi

Jariri sabon haihuwa yakan buƙaci canji sau 8 zuwa 12 a yini, adadin yana raguwa yayin da yake girma. Kafin ya saba da zama a fo yakan ci famfas dubbai, ƙiyasin da aka saba yi yana tsakanin 4,000 da 6,000. Nafkin guda 20 zuwa 24 kuwa kan wadatar idan ana wanki kullum ko bayan kwana biyu, kuma idan an kula da su ƙani ma zai gada. Bambancin shi ne kuɗin nafkin a dunƙule ake fitar da shi tun farko, sannan a ci gaba da sayen sabulu da ruwa, na famfas kuwa kaɗan-kaɗan yake fita ba yankewa.

A Najeriya wannan lissafi ya ƙara nauyi bayan faɗuwar darajar naira a 2023, domin yawancin kayan haɗa famfas daga waje ake shigo da su. A Disamba 2023 Procter & Gamble ya sanar da daina sarrafa kaya a ƙasar, a 2024 kuma Kimberly-Clark, mai yin Huggies, ya sanar da ficewarsa. A unguwanni da dama ɗai-ɗai ake sayen famfas a shago, kuma tsadarsa kan sa a bar guda ɗaya a jikin yaro tun safe har yamma, abin da ke cutar da fata. Duk da haka nafkin ba kyauta ba ne: gidan da ke sayen ruwa jarka-jarka daga 'yan garuwa dole ya sa wannan a lissafi, haka ma lokacin mai jego ko na wadda ke taya ta aiki.

Wanki da shanya

A nan ne nafkin ke yin amfani ko ya zama illa. Da zarar an cire shi, ana fara zubar da kashin a masai, a ɗauraye ƙyallen da ruwan sanyi, domin ruwan zafi tun farko yana kama tabo. Sai a ajiye shi a bokiti mai murfi har lokacin wanki, wanda bai kamata ya wuce kwana biyu ba, musamman a lokacin zafi. Bokitin da ke da ruwa a ciki a nisanta shi daga yara masu rarrafe, don ƙaramin yaro yana iya faɗawa da ka ya kasa fita.

Wankin kansa da sabulu ne ko garin wanki, da ruwa mai zafi, kimanin digiri 60 a ma'aunin Salshiyas ga mai injin wanki. Ɗauraya ita ce wurin da aka fi yin sakaci. Ragowar sabulu a zare yana ƙaiƙayin fata, ragowar fitsari kuma shi ke kawo warin nan mai hawa ka da ake ji da zarar yaro ya sake jiƙa shi. Maganin tausasa tufafi ba ya dacewa da nafkin, saboda yana lulluɓe zaren ya hana shi shan ruwa, yawan sa bilic kuma yana cinye auduga da robar ƙugu. Shanya a rana tana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, tana kuma dusashe tabo. Da rani nafkin na bushewa cikin 'yan sa'o'i. Da damina ne ake shan wuya, har wasu su riƙa bi da dutsen guga, don ɗaura wa yaro ƙyalle mai danshi ya fi rashin ɗaurawa muni. Wanda ya yi wankin sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci, ruwan wankin kuma a zuba shi a masai, ba a tsakar gida ba.

Lafiyar fata

Ƙurajen da ke fitowa a mazaunai da matsematsin jariri suna faruwa ne idan fata ta daɗe cikin danshi. Ƙwayoyin cutar da ke cikin kashi suna sarrafa fitsari ya zama amoniya, fata ta yi laushi ta yi ja, gogayya ta saɓe ta, wani lokaci ƙwayar kandida ta samu shiga. Famfas ya fi janye danshi daga fata, don haka mai amfani da nafkin sai ya fi yawan canji, kusan duk bayan sa'a biyu zuwa uku, da kuma nan take bayan kashi. Wani nazari da cibiyar Cochrane ta wallafa a 2006 bai sami gamsasshiyar hujjar da za ta fifita ɗaya a kan ɗaya wajen hana ƙurajen ba. Abin da likitoci suka fi jaddadawa shi ne saurin canji, wankewa da ruwa, barin wurin ya sha iska, da shafa man kariya mai sinadarin zinki ko basilin. Ba a son barbaɗa hoda saboda jariri na iya shaƙarta. Ƙurajen da suka yi kwana uku ba sauƙi, ko suka yi ruwa, ko suka zo da zazzaɓi, na asibiti ne.

Muhalli

Famfas yana ɗauke da roba da ba ta ruɓewa da wuri, nafkin kuma yana cin ruwa da makamashi wajen wanki. Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila ta kwatanta su a 2008, ta gano cewa hayaƙin da ke ɗumama duniya da kowannensu ke jawowa kusan ɗaya ne, amma na nafkin yana iya raguwa da kashi 40 cikin 100 idan ana cika injin wanki, ana shanya a igiya, kuma ɗa na biyu ya yi amfani da su. Wannan lissafi na ƙasar da ke wanki da inji ne. Inda ake wanki da hannu a shanya a rana, wutar da ake ƙonawa ba ta taka kara ta karya ba, sai dai ruwa.

A garuruwan da ba a kwashe shara a kai a kai, matsalar famfas a fili take. Yana ƙarewa a bola da kwata, ya kumbura da ruwa ya toshe magudana da damina, karnuka da kaji su yayyaga shi, kashin da ke ciki ya bazu. Kashin yara ƙanana kuwa, saɓanin yadda wasu ke ɗauka, yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa kamar na manya ko fiye. Saboda haka ko famfas ne ana so a kankare kashin a masai, a naɗe shi a ƙulle a leda kafin a jefar. Gidaje da yawa sukan haɗa biyun: nafkin da rana a gida, famfas da dare, ko ranar zuwa asibiti, biki ko doguwar tafiya a mota.